Gwangwanin Maɓallan Baba

Ku da kuke ta cika mini akwatin saƙo da "kin amsa masa ko ba ki amsa ba," don Allah ku bar ni in numfasa. Wallahi ko Gwaggo ba ta ƙure ni kamar yadda kuka ƙure ni ba. Wanda bai san Gwaggo ba, yayar Babanmu ce, Allah ya jiƙansa. Tun da ya rasu ta ɗauki rashin aurena ta ɗora a ka kamar tallan da ya ƙi ƙarewa, duk gidan da ta shiga sai ta sauke shi.

Shi kuma wanda ake maganar, abokin Yayana ne, awon filaye yake yi, shi ya sa kowa a gidanmu Safiyo yake ce masa. Kar in ɗauki alhakinsa, ba shi da aibu. Dogo ne, mai tsabta, karin gugar rigarsa kamar ya yanke ka. Ko saƙon waya zai turo sai ya sa masa aya da waƙafi. "Barka da yamma. Ina fatan kin yini lafiya. Ni ma lafiya." Ni ma lafiya! Bawan Allah, wa ya tambaye ka?

To me ya hana ni amsawa? Tsoro. Mutumin nan wadda ya sani ita ce mai fitowa falo da mayafi da tiren shayi, tana sunkuyar da kai kamar ba ta san hanyar bakinta ba. Bai san ɗayar ba, wadda take kulle ɗaki ta baje takardu a gado tana magana da muryar kada ita kaɗai. Tsorona shi ne ranar da na shiga gidansa a kira abin nan shirmen yarinta, a naɗe shi a jefa saman sif, ni ma in yi dariya in ce ai dama wasa ne. In an raba ni da shi kuwa, ban san me ya rage nawa ba.

Bari in kai ku baya, ku gane.

Babanmu tela ne. Shagonsa a jikin gida yake, ƙofa ɗaya ta raba shi da tsakar gida. Duk Asabar da yamma sai ya rufe keken ɗinki da ƙyalle, ya kwashe almakashi da alli daga kan teburin yanka, ya sauko da wani tsohon gwangwanin biskit da hoton jikinsa ya gama gogewa. Maɓallai ne fal a ciki, na riguna da na wanduna da na kot ɗin da masu shi suka manta da shi. Har yau in na ji ƙarar maɓallai a cikin gwangwani sai ƙirjina ya yi nauyi. Ina jin ƙanshin man keke, ina ganin zaren da yake maƙale a gemunsa.

Kowa zai ɗebi 'yan maɓallai ya tara a gabansa. Sai Baba ya gyara murya ya ce, "Muna cikin jirgin ruwa, kogin nan ba wanda ya san ƙarshensa. Kai wane ne a ciki?" Yaya kullum shi ne direba, don son girma tun yana da majina. Ni ce mai dafa abincin jirgin, kuma ɓarauniya. In kana so ka yi abu mai wuya, ka tsallaka kan dutse ko ka yaudari kada, sai ka rufe ido ka zura hannu a gwangwani. Fari, ka ci nasara. Mai launi, ka ci amma da wata matsala a biye. Baƙi kuwa ka faɗi, sai ka biya maɓalli ɗaya daga naka. Daɗin abin shi ne wani yana iya biya maka.

Umma ba ta taɓa zama ba. A bakin ƙofa take tsayawa da tawul a kafaɗa, ta ce, "Ku dai yi ta shirmenku." Wani lokacin labari yakan cije wa Baba, ya yi ta susar kai, sai ya ce bari ya sha ruwa. Ya shiga kicin ya ɗan jima, ya dawo da tsohuwar da take sayar da iska a kwalba, ko garin da mutanensa suke tafiya da baya. Mu yi ta ihu. Ni a wurina duk duniya babu mai kai irin na Babana.

Bayan rasuwarsa gwangwanin ya koma ƙarƙashin gadona, shekara da shekaru. Sai kwanaki ina ta shafa waya don kashe lokaci na ci karo da bidiyon wasu manyan mutane, masu gemu da furfura, sun kewaye tebur. Ɗaya yana ba da labari, sauran kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin yana faɗin abin da zai yi, suna jefa ƙwaya irin ta ludo ta yanke musu. Na tashi zaune. Ashe abin namu yana da dangi a duniya! Na bi na bi har na faɗa wani guruf na masu ƙirƙirar irin waɗannan wasannin da kansu, babu kamfani a bayansu, babu kowa. Akwai malamin makaranta, akwai nas, akwai direban babbar mota da yake rubuta nasa in ya tsaya hutawa. Ƙasa daban-daban, kowa da sunan da ya laƙa wa kansa. Matar da take kula da guruf ɗin, Mai Ƙofa suke ce mata, ita ta fara yi mini magana.

"Sannu da zuwa. Me kika kawo mana?"

Na rubuta na goge, na rubuta na goge. Daga ƙarshe na rufe ido na tura musu labarin jirgin da maɓallai, na kife wayar na shiga wanke-wanke don kar in ga dariya. Da na dawo hannuna da kumfa, saƙo ya cika fam. Direban ya ce, "Wasan da ake biya wa wani asararsa? Ina kika ɓoye wannan?" Nas ɗin ta ce yanzu ta tashi ta zazzage kwandon ɗinkin kakarta. Jama'a, a kan bokiti na zauna na yi kuka. Ba wanda ya ce shirme.

Sai Mai Ƙofa ta turo saƙon murya, muryarta a natse kamar ta malamar firamare. "Muna da al'ada ɗaya. Ba ma sa wasa a jerin namu sai an yi masa gwajin shiru. Ki rubuta dokokin, ki miƙa wa mutane, su buga a gabanki. Ke kuma bakinki a rufe daga farko har ƙarshe. Ko sun karanta a juye, ko sun ɓata miki shi, kar ki ce uffan. Duk inda kika ji kamar ki yi ihu, nan wasanki yake da rami."

Na ce to, ina zan samo mutane? Ƙawayena duk sun yi aure, in ka kira su sai ka ji kukan yaro kafin sallama.

A makon nan ne Gwaggo ta diro gidan da jakarta mai zif ɗin da ya mutu, ta zauna a kujerar Baba, ta zare takalmi.

"Ke, ranar Asabar yaron nan zai zo, ni ma zan zo. In e ne, e. In a'a ne, ki faɗa mini dalili da bakinki, in ji ko dalili ne ko iskanci."

"Gwaggo, ina tunani ne."

"Tunani? Ke kika fi kowa ƙwaƙwalwa? Sa'anninki suna yaye na biyu kina nan kina tunani."

Na kalli Umma ko za ta cece ni. Tana ninke wanki, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Gaskiya Gwaggonki ta faɗa. Ba a ajiye ɗan mutane a rana."

Yaya ne ya haɗa mini bom ɗin. Na kai masa kukan rashin 'yan wasa, ya yi dariya har da buga cinya. "Ke ba ki da wayo. Ga ni, ga Safiyo, ga Gwaggo. Me kike nema kuma?"

"Yaya, ka rufa mini asiri."

"Asirin me? Ba kin ce bai san ki ba? To ya san ki ranar Asabar."

Ranar kuwa tun safe na fara neman abin sawa. Na sa doguwar riga ruwan toka mai ƙananan furanni a hannu, na cire, na sa shuɗiya, na koma ruwan tokar. Mu biyu da Yaya muka ciccibo teburin yankan Baba daga shago zuwa falo, har yanzu da zanen alli a gefensa. Safiyo ya iso da farar riga da ledar lemo, agogonsa yana sheƙi, ya durƙusa ya gaida Umma da Gwaggo. Da ya ga tebur da gwangwani sai ya kalle ni.

Na ce da sauri kafin zuciyata ta gudu, "Wasa na rubuta. Ina cikin wani guruf na masu yin irinsa. Za ku buga, ni kuma an hana ni magana har ku gama."

Gwaggo ta riƙe haɓa. "Ni? Da girmana da jikokina?"

Yaya ya ce, "Gwaggo, ai kafin a gama ba za ta iya ba da amsa ba. Gara mu yi mu gama da wuri."

Ta ja tsaki ta matso da kujera. "In dai jirgi ne, ni ce mai shi. Ba na hawa na haya."

Na koma lungu kan kujerar roba, na cusa gefen mayafi a baki. Yaya ya ɗauki takardar, shi ne mai ba da labari. Yana ce musu kogin ba shi da ƙarshe, Safiyo ya ɗaga hannu kamar ɗan aji.

"Afuwan. Faɗinsa fa, kamar nawa ne?"

Innalillahi. Na ciji mayafi har haƙorina ya yi ƙara.

"Kai dai faɗi wane ne kai a jirgin."

Ya yi tunani mai tsawo, sannan ya ce shi ne mai kwashe ruwan da yake shigowa ta ƙasa. Duk jaruman duniya, mutumin nan ya zaɓi kwasar ruwa. Na ce a raina shi ke nan, wannan ko a mafarki ma sai ya nemi izini.

Amma wasa ya fara tafiya. Yaya yana ta kwafsawa, ya tsallake layi guda, ya mai da mai launi ya zama faɗuwa, ni ina lungu ina mutuwa ina farfaɗowa. Gwaggo kuwa da ta ce da girmanta, kafin a jima ta ture ɗankwali baya tana yi wa kada ciniki.

"Ka ce masa ba na biyan kuɗin wucewa! Kogin na ubansa ne?"

"To zura hannu, Gwaggo."

Baƙi. Ta sake, baƙi. Hannun Gwaggo da baƙin maɓalli kamar an ɗaura musu aure. Duk lokacin da za ta biya, sai in ga Safiyo ya tura nasa ɗaya tsakiyar tebur da ɗan yatsa, shiru, ko kallonta ba ya yi. Da farko na ce neman fada ne, yana sayen Gwaggo. Sai Yaya ya sa wani ɗan tsuntsu ya faɗa ruwa, abin da ba na kowa ba, Safiyo ya ce zai miƙa masa bokitin kwasar ruwansa. Ya ciro baƙi, ya biya da na ƙarshensa.

Yaya ya duba takarda. "An rubuta, wanda maɓallansa suka ƙare ya fita daga wasan."

Ni na rubuta haka, don na rasa yadda Baba yake yi. Na yi ta tunani ban tuna ba, sai na cike ramin da abin da ake yi a kowane wasa. Safiyo ya ce, "To, madalla," ya ɗauki kofinsa zai ja kujera baya, fuskarsa kamar yaron da aka kora daga aji ba laifinsa. Ihu nake so in yi, ga mayafi a baki.

"Ba haka ake yi ba."

Umma ce, a bakin ƙofar kicin, da tawul a kafaɗa.

"Ba a fitar da kowa a wasan nan. Wanda nasa suka ƙare, gwangwanin ake miƙa masa, shi zai ci gaba da ba da labarin. Wanda ya ba da komai ai shi ya fi cancanta ya yi magana. Haka na tsara shi."

Duk muka juya muna kallonta.

Yaya ya ce, "Kika tsara, Umma?"

"Babanku, Allah ya jiƙansa, ko tatsuniya ɗaya ba ya iya kaiwa ƙarshe. Ruwan me kuke zaton yake sha a kicin?" Ta yi 'yar dariya, amma idonta ya kawo ruwa. "Tun ina gidanmu nake yi wa ƙannena da duwatsu. Da na zo nan na ga maɓallai."

"To me ya sa ba ki taɓa zama ba?"

Umma ta kalli Gwaggo. Gwaggo ta kalli maɓallan gabanta, ta gyara ɗankwalin da ta ture, ta ce a ciki-ciki, "Yo ai lokacin ne haka. Matar aure tana kukan kura a tsakar gida, maƙwabta suna ji."

Ban san lokacin da hawaye ya jiƙa mini mayafi ba. Tsohuwar mai sayar da iska, garin masu tafiya da baya, duk daga kan matar nan suka fito, tana tsaye a bakin ƙofa tana ce mana shirme. Na so Babana ranar kamar kullum, amma wallahi na ji haushinsa, karo na farko tun da aka binne shi.

Yaya ya tura wa Safiyo gwangwanin. Ya riƙe shi da hannu biyu, ya buɗe baki. "To, jirgin ya... ya ci gaba da tafiya. A kan ruwa." Gumi ya karyo masa. Sai ya miƙe, ya taka har bakin kicin, ya ɗan rusuna ya miƙa wa Umma.

"Umma, ni zan nutsar da su. Ki taimaka."

Ta daɗe tana kallon gwangwanin. Sannan ta sauke tawul ɗin ta rataye a ƙofa, ta zo ta zauna.

Jama'a, ban taɓa sanin Ummana ba sai ranar. Muryar kada ta fito daga bakinta, ta tsohuwa ta fito, har da wani sarkin kwaɗi mai in'ina da ya sa Gwaggo dariya har ta ƙware da shayi. Safiyo yana dariya yana rufe baki kamar ya yi laifi. Aka manta da ni a lungu, aka manta da amsa. Sai da rana ta yi sanyi Gwaggo ta tuna, tana neman takalminta.

"To ke, an gama. Buɗe bakin."

Umma ta riga ni, ta dubi Gwaggo. "Yaya, ba yau ba."

Tunda nake ban taɓa jin ta ce wa Gwaggo a'a ba. Gwaggo ma ba ta taɓa ji ba, shi ya sa ta saɓi jaka ta fita tana mita.

Ni kuwa zuciyata ta riga ta gama yanke hukunci. Ina wanke kofuna ina murmushi kamar wata sakarai, har na rubuta wa Mai Ƙofa, "An yi gwajin. Na samu ramin, na kuma samu mai wasan." Umma tana gefena tana goge tire.

Na ce, "Umma, kin ga abin da ya yi ko?"

"Na gani."

"A gaban Gwaggo fa ya miƙa miki."

Ta ajiye tiren a hankali. "Babanku ma haka ya yi. Muna sabon aure, a gaban duk 'yan uwansa ya miƙa mini gwangwanin nan, ya ce ku saurari matata. Ranar na ce na fi kowace mace sa'a." Ta ɗauki wani kofi. "Bai daina son wasan ba, bai daina sona ba. Gajiya ya yi da surutunsu. Rannan ya ce, ki riƙa faɗa mini a kicin, ni in faɗa, a huta. Na ce to. Na ɗauka na 'yan kwanaki ne."

Ruwa yana ta zuba a famfo, na kasa rufewa.

"Kar ki tambaye shi ko yana son wasanki, ai kin ga yana so. Ki gano inda zai tsaya ranar da nasa suka yi miki dariya."

Ko rufe baki ba ta yi ba wayata ta yi ƙara a kan firij. Na goge hannu a riga na ɗauka. Shi ne.

"Na isa gida lafiya. Na gode da yau. Na ba yayyena mata labarin wasan, da ke, da guruf ɗinku. Sun yi ta dariya. Sun ce za su zo Asabar mai zuwa su gani da idonsu."

Na karanta, na miƙa wa Umma. Ta karanta, ta miƙo mini. Na rubuta masa, babu gaisuwa, babu aya.

"Da suna dariyar kai me ka ce"

Alamar ya karanta ta fito nan take. Ya fara rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa, ya daɗe yana yi, ni da Umma mun haɗa kai a kan wayar kamar masu jiran sakamakon asibiti.

Sai rubutun ya ɗauke, wayar ta fara ruri a hannuna. Mutumin da tunda muke bai taɓa kirana ba sai ya turo saƙo ya nemi izini.

Umma ta miƙa hannu ta rufe famfon.

"Ɗauka," ta ce. "Ki sa yadda ni ma zan ji."